Shekarar da 'Yan Ɗakinmu Suka Ciri Audugar Babana

Jikata ta shiga jami'a a birnin Madani bana. Da safe takan tari mota a bakin titi, kafin la'asar ta dawo gida, ta ci abincin uwarta, ta kishingiɗa da waya a hannu, wai malaminsu ya turo darasi a ciki. Ranar nan na tambaye ta sunan wadda ke zama kusa da ita a aji. Ta amsa mini da Larabci, don Hausarta ba ta da ƙarfi, ta ce kullum wata ce daban. Ba na cikin tsofaffin da ke ganin duk abin da ya zo bayansu lalatacce ne, kuma na san tana karanta abubuwan da mu ko labarinsu ba mu ji ba. Amma bayan ta tashi na daɗe a kan tabarma ina tuna wasu mutum uku da na zauna ɗaki ɗaya da su, waɗanda har yau in na rufe ido ina iya faɗin yadda kowannensu ke tari.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne na Hausawa a cikin Jazira, yankin noman auduga da ke kudu da Hartum, yamma da kogi. In ka hau gaɓa kana hango hasumiyar masallacin Rufa'a a ƙetare. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar hajji, wasu suka isa, wasu tafiya ta ajiye su a nan suka yi gida. Na tashi ina jin kukan kwaɗi a magudanar ruwa, da amon turmi kafin rana ta fito, da jiniyar ƙaramin jirgin ƙasan da ke kwasar auduga, da muryar mata suna kiran yara da Hausar da yanzu sai a bakin tsofaffi ake jin irinta. Babana yana da hawasha, wato gonar da hukuma ke ba manomi ya riƙe, ya shuka auduga da dawa bisa tsarinta, ruwa ya zo masa a ranar da aka yanka masa. Ba kowane Bahaushe ke da ita ba, yawancin mutanenmu ƙwadago suke yi a gonakin wasu, saboda haka Baba yana riƙe da tasa kamar mai riƙe da ƙwai. Kowa ya san sharaɗin: wanda ya bar ciyawa ta ci gonarsa, ko ya bar auduga ta zube ƙasa ba a cire ba, mufattishi, jami'in da ke zagaya gonaki, yana iya karɓe ta ya ba wani.

Cikin 'ya'yan da Inna ta haifa, mu biyu muka rayu, ni da Yayata. Ta girme ni da nisa, ba ta taɓa shiga aji ba, kuma a lokacin da nake ba da labari mijinta ya rasu ta dawo gida da yara biyu. Ni kuwa Baba ya sa ni makaranta duk da surutun dangi. Sun ce masa mai ɗa namiji guda ɗaya ba ya ba da shi ga boko, wa zai riƙe masa gona? Baba ba mai yawan magana ba ne. Abin da yakan ce kawai shi ne, "Gona tana nan, ba ta da ƙahwa. Karatu shi ka wucewa." Haka na bi daga makarantar ƙauye zuwa ta kwana, har ranar da aka ce na sami shiga jami'a a Hartum. Inna ta kwana uku tana suyar ƙuli-ƙuli, Yaya ta ɗinka mini jakar sabulu da tsumman zanenta, Baba ya raka ni tasha a kan jaki yana riƙe da akwatina na ƙarfe a gabansa.

Yaran yanzu ba za su yarda ba in aka ce musu a wancan zamani jami'a ce ke ba ɗalibi gado da katifa, ta ciyar da shi, ta wanke masa tufafi, in hutu ya zo ta sa shi a jirgin ƙasa zuwa garinsu. Ni da ban taɓa kwana a ƙarƙashin fanka ba, sai ga ni a ɗakin bene ina kallon kogi ta taga. Kogin nan namu ne, shi ne ya wuce ta gaban ƙauyenmu kafin ya iso, kuma a makonnin farko, in kewa ta dame ni, nakan tsaya in ce wa raina wannan ruwan ya ga Inna shekaranjiya. Ina tuna ƙararrawar ɗakin cin abinci, da yadda ɗaruruwan cokula ke buga faranti har ba ka jin maganar na kusa da kai. Ina tuna ful, wato dafaffen wake, da man riɗi da safe, da shayi da madara a manyan butoci, da inuwar dogayen itatuwan da ke kan babbar hanyar tsakiyar jami'a, da kekunan malamai, da ƙugin jirgi in yana hawa gada, da sanyin laburare inda ƙarar fanka kaɗai ake ji da buɗe shafi. Da yamma kuma a taru a dandalin ɗalibai ana muhawara, wannan ya hau tebur ya gyara duniya, wancan ya hau ya rushe abin da ya gyara, daga nan a tafi cin abinci tare a faranti ɗaya. Sabon ɗalibi barlum ake ce masa, kuma duk wanda ya ga dama yana iya aikensa neman ofishin da babu shi. Ni an aike ni har sau biyu kafin in waye.

Mu huɗu ne a ɗaki. Ba zan kira sunayensu ba, zan kira su da sunayen da Inna ta laƙaba musu daga baya, don su ne suka zauna mini a baki. Akwai Dogo, mutumin kudu, Kirista, yana karatun shari'a, in zai shigo ɗaki sai ya sunkuya, in yana wanki yakan rera waƙar cocinsu a hankali da wata murya mai kauri. Akwai Mai-tabarau, daga can arewa ƙasar dabino, ajinmu ɗaya da shi a fannin lissafi, mutum ne da zai iya yini bai yi magana ba. Sai Ɗan-lele, ɗan wani attajiri a Umdurman, wanda gidansu ba shi da nisa amma ya zaɓi zaman ɗaki don ya sami wurin surutu. Shi ne na ƙarshe wurin tashi, na farko wurin hawa tebur, kuma ko wanka zai je sai ya shafa turare.

Da farko na ɗan janye jikina. Larabcina yana da ɗanɗanon gida, kuma na saba tun a makarantar kwana da jin ana ce mini Fallati, sunan da ake kiran irinmu 'yan asalin yamma da shi, da wata irin murya ta raini. Wata rana a layin abinci wani ya kwaikwayi maganata, aka yi dariya. Kafin in buɗe baki sai na ji inuwa ta rufe ni, Dogo ne ya tsaya a bayana. Bai ɗaga murya ba, ya dubi yaron ya ce, "Shi yana jin harshe uku. Kai nawa kake ji?" Daga ranar ban sake cin abinci ni kaɗai ba. Ƙuli-ƙulin da nake ɓoyewa a ƙasan akwati don kunya, Ɗan-lele ya gano shi da hanci, ya zuba a kwano ɗaya da dabinon Mai-tabarau, ya ce wannan shi ne haɗin kan ƙasa da 'yan siyasa suka kasa yi.

A shekarata ta biyu, da sanyi ya shigo, auduga ta fara buɗewa a gida, jarrabawar ƙarshen shekara kuma ta fara matsowa. A lokacin ba a wasa da ita, wanda ya faɗi ko bai zauna ba yana iya rasa gurbinsa gaba ɗaya. Wata safiya aka ce ana sallama da ni a ƙofa. Na sauka na tarar da wani direban lori ɗan garinmu, yana murza hularsa a hannu. Ya ce Baba ya faɗi a bakin magudana yana buɗe ruwa, an kai shi asibiti an dawo da shi, yana da rai, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Na hau sama na ɗauki riga ɗaya. 'Yan ɗakin na ce musu kawai zan leƙa gida in dawo. Mai-tabarau ya dube ni ta saman gilashinsa.

Na tarar da Baba kwance a kan gadon igiya a ƙarƙashin rumfa. Mutumin da ke ɗaga buhun dawa shi kaɗai, ga shi Inna na ba shi kunu da cokali, rabi na shiga rabi na zubowa ta gefen baki. Da ya gan ni idonsa ya cika, ya yi ƙoƙarin magana, kalmomin suka fito a cakuɗe. Da yamma na zaga gona. Ta yi fari fat, kamar an shanya tufafin dukan gari, kuma a wasu layukan auduga ta fara saukowa ƙasa. Kowa a garin yana fama da tasa cirar ko ta mai gidansa, masu ƙwadago kuma an riga an kama su tun da wuri. Yaya da Inna da yaran nan biyu ne kaɗai ke shiga, su ma rabin yini, don dole wani ya zauna da Baba. Dangin da suka yi surutu a da ba su ce mini komai ba, sai dai kallon da suke mini ya ishe ni. Ban yi shawara da kowa ba. Na tuɓe wando na sa 'yar shara, na ɗaura buhu a ƙugu, na ce wa raina karatu ya ƙare, Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Makonni suka wuce. Hannuna ya koma irin na da, na daina tuna ko yau wace lacca ake yi. Sai wata rana bayan azahar, ina sunkuye a tsakiyar gona, ɗiyar Yaya ta taɓa ni ta nuna mini gaɓar magudana. Mutum uku ne ke tahowa a jere. Na gaba dogo ne ƙwarai, yana ɗauke da akwatin ƙarfe a ka. Na tsakiya yana rungume da littattafai. Na baya kuwa yana tafe yana ɗaga ƙafa kamar zakara a cikin ruwa, don kada laka ta ɓata masa takalmi.

Ɗan-lele ne ya fara magana tun daga nesa, da kiran nan na Larabci mai nufin kai mutumin nan. "Ya zol, wannan ita ce leƙawar? Mun tambayi direbobin lori na rabin kasuwa kafin mu sami wanda ya san garinku."

Na ce, "Me ya faru? Ba ku da lacca?"

Ya ce, "An yi zanga-zanga, an rufe jami'a. An ce kowa ya tafi gida sai an neme mu."

Na ce, "To me ya kawo ku nan?"

Dogo ya sauke akwatin a bakin gona, ya miƙe, ya ce, "An ce gida. Ba a ce gidan wa ba."

Na san hanyar garin Dogo ba ta da lafiya a waɗancan shekarun saboda yaƙi, amma Mai-tabarau yana da uwa tana jiransa, Ɗan-lele kuma gadonsa na gida yana ƙetaren gada kawai. Na sunkuya kamar ina gyara bakin buhu.

Inna ba ta nuna mamaki ba ko kaɗan. Ta sa aka share ɗakin zaure, ta yanka kaza, ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuɓewa. Sai da suka ci suka ƙoshi ta ja ni gefe ta ce, "Ashe kana da mutane irin waɗanga, kat taho ba ka hwaɗa musu ba? Abokin kuka shi a ka gaya ma mutuwa." A daren farko ta raba musu sunaye, don ta ce nasu na Larabci da na kudu sun yi mata nauyi a harshe.

Washegari suka bi mu gona. Ba zan yi ƙarya in ce sun iya ba. Cirar auduga da sanyin safiya aiki ne mai cin yatsu, ɓawonta busasshe yana da kaifi kamar ƙaya, ga sunkuyo har baya ya ƙage. Dogo saboda tsawonsa sai da ya koma tafiya da gwiwa. Mai-tabarau yana cire kowane ƙulli a hankali kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ɗan-lele kafin hantsi yatsunsa sun yi jini, Yaya ta yaga bakin mayafinta ta ɗaure masa, ya koma layi yana rera waƙoƙin birni da ƙarfi, matan gonar maƙwabta suna dariya har suna riƙe ciki. Amma bai fita ba, ran nan ko wata rana. Kuma abin da hannunsa ya kasa, bakinsa ya yi. Ran Juma'a bayan an sauko, ya tsaya a ƙofar masallaci ya gaisa da kowa, ya yi ta zuba har ya sa limamin garin dariya, ya ce shi baƙo ne, ya ji ana cewa Hausawa na da wani abu wai shi gayya, yana son ya gani da idonsa kafin ya koma birni. Mutanenmu ba mugaye ba ne, aiki ne ya yi musu yawa. Da suka ga 'ya'yan wasu sun zo daga nesa suna zubar da jini a gonar maƙwabcinsu, sai kowane gida ya ba da mutum ɗaya ran Asabar. A ranar aka gama cirar farko.

Dogo kuwa wurin Baba ya fi zama. In mun tafi masallaci shi ke tsaronsa. Shi ke ɗaukarsa cak kamar yaro, ya fito da shi rana da safe, ya mai da shi inuwa in ta yi zafi. Inna ta nuna masa yadda ake murza hannun da ya shanye da man riɗi mai ɗumi, ya karɓi aikin ya riƙe. Ban san abin da suke faɗa wa juna ba, don Baba harshensa ya yi nauyi, Dogo kuma ba ya jin Hausa. Sau da yawa nakan dawo in same su shiru, hannun Baba a cikin manyan tafukan nan, su biyun suna kallon kaji. Wata tsohuwa ta yi gunaguni wai an bar wanda ba ya salla yana taɓa malam. Inna ta ce mata, "Da kin zo kin ɗauke shi ke, da ba mu bari ba." Ba a sake maganar ba.

Bayan la'asar kuma, in an dawo an yi wanka, Mai-tabarau yakan ɗauki gawayi ya tsaya a jikin bangon da ke fuskantar rumfar Baba, ya fara rubuta darussan da aka yi bayan tahowata. Ranar farko na ce masa kada ya wahalar da kansa, ni ba zan koma ba. Ya ce, "Ban ce ka koma ba. Bita nake yi, kuma ba na iya bita sai da mai saurare." Na zauna don kada in ba shi kunya. Yana cikin rubutu sai na ga ya yi kuskure a layi na uku, irin wanda yaro ba zai yi ba. Na ƙyale shi, ya ci gaba yana gini a kan kuskuren, har abin ya ci mini rai na tashi na karɓe gawayin na gyara. Washegari ya sake yin wani. Sai da muka tsufa ya amsa mini cewa da gangan yake yi. Kafin a jima bangon nan ya cika, Inna ta hana yara jingina da shi, in ya cika mu shafe da jiƙaƙƙen tsumma mu sake. Baba yana kwance yana kallo. Bai san ko harafi ɗaya na abin da muke rubutawa ba, amma na lura idonsa ba ya kan bango, yana kan fuskata.

Ana haka aka faɗa a rediyon mai shago cewa za a buɗe jami'a, jarrabawa kuma tana nan ba a ɗaga ta da yawa ba. Auduga kuwa ba sau ɗaya ake cirarta ba, akwai ta biyu da ta uku, ga ban ruwa, ga kai kaya wurin awo, ga shekara mai zuwa da wadda ke bin ta. Da yammacin ranar, muna zaune duka a gaban rumfa, na ce wa abokaina na gode, Allah ya saka, su kama hanya gobe, littattafaina kuma Mai-tabarau ya ba wanda ke bukata. Na faɗa da Larabci, na sake faɗa da Hausa don Inna ta ji. Ɗan-lele, wanda bai taɓa rasa magana ba, ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙyallen yatsansa.

Sai muka ji Baba yana bugun ƙafar gado da hannunsa mai lafiya. Ya yi wa Dogo alama, Dogo ya tashe shi zaune ya tallafe shi ta baya. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, muna jira, kafin maganar ta fito ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Wa yak kira ka?"

Na ce, "Baba, ba wanda ya kira ni. Gona ce..."

Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce, "Ni na aike ka. Ɗan aike ba shi komowa daga tsakiyar hanya."

Na ce, "In na tafi wa zai riƙe hawasha? Karɓe ta za a yi."

Yaya tana gefe tana tsince wake a faifai. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ni."

Muka juya muna kallonta. Ta ajiye faifan ta ce, "Tun kana makarantar kwana wa ka bin Baba wurin ruwa? Na san ranarmu, na san inda gona ka shan ruwa da inda ba ta sha. Abin da ban sani ba shi na tsayawa gaban mufattishi, shi ma in na tsaya sau ɗaya na iya."

Inna ta ce, "Mutane za su yi magana."

Yaya ta ce, "Sun yi sadda anka kai shi boko, Inna. Ba su mutu ba, mu ma ba mu mutu ba."

Baba ya dube ta tsawon lokaci. Ina jin a ranar ya fara ganinta da gaske, mu duka haka. Ya ce, "Kina iyawa?" Ta ce, "In ka sa mani albarka." Ya miƙa hannun hagu, ta matso ta durƙusa, ya ɗora mata a ka. Sannan ya yi wa Dogo alama ya kwantar da shi. Na fassara wa abokaina abin da aka yi. Mai-tabarau ya cire gilashinsa yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

Da safe muka tafi mu huɗu. Da Dogo ya durƙusa yin sallama, Baba ya riƙe wuyan hannunsa ya ƙi saki, har sai da Inna ta ce lori zai tashi. Muka koma ɗakinmu na bene da baƙaƙen fuskoki da fasassun yatsu, muka shiga karatu kamar masu haƙar rijiya. In na gaji na fara tunanin gida, Ɗan-lele ya ja ni zuwa shan shayi, ya yi ta ba mutane labarin yadda shi kaɗai ya cire rabin audugar Jazira. Muka zauna jarrabawa, kowa ya shiga da abin da Allah ya ba shi.

Rayuwa ta raba mu daga baya kamar yadda take raba kowa. Ɗan-lele ya riga mu tafiya, zuciya ce ta tsaya masa yana tsakiyar magana a wani taro. Mai-tabarau ya koyar a ƙasashen waje har ya yi furfura, mukan gaisa lokaci-lokaci. Dogo ya zama alƙali, ya zo jana'izar Baba ya zauna kwana uku a kan tabarma tare da dangi, daga baya ƙasa ta rabu biyu ya koma kudu, labarinsa ya yanke mini. Ɗakin namu ma an ce an mai da shi ofis. Yanzu ɗalibai sun yi yawa, jami'o'i sun yi yawa, kuma wannan alheri ne, don ɗan ƙauye ba sai ya yi sa'a irin tawa ba. Sai dai ban san ko har yanzu ana haɗa baƙi huɗu daga kusurwa huɗu a rufe su ɗaki ɗaya har su zama 'yan'uwa ba.

Sakamako ya fito da zafin bazara, mu huɗu duka mun haye. Na hau jirgi a ranar, na sauka na yi sauran tafiyar da ƙafa don na kasa jiran lori. Na tarar da Baba a rumfarsa, ya ɗan sami sauƙi, yana iya zama da kansa. Na durƙusa zan fara magana, ya tare ni.

Ya ce, "Dogo fa?"

Na ce, "Ya haye, Baba. Duk mun haye."

Ya rufe ido ya yi hamdala. Sannan ya ce, "Ba ni za ka hwaɗa ma ba. Tahi gona."

Lokacin tugar kara ne, sadda ake tumɓuke itacen auduga bayan an gama cira, a tara a ƙone kafin sabuwar shuka. Aiki ne na maza ƙarfafa, da wani ƙarfe mai baki kamar hantsaki. Na hango Yaya ita kaɗai a ƙarshen gona, ta ɗaure ƙugu da mayafi, hayaƙi na tashi a bayanta. Hawasha tana nan, ba a karɓe ba. Na bi layi har na isa gabanta. Ta rame, fuskarta ta yi baƙi, leɓɓanta sun tsage. Na ce, "Yaya, na ci."

Ta miƙe a hankali tana dafe da baya. Ta dube ni daga sama har ƙasa, da farar rigata ta birni da takalmina. Ta juya kai ta goge fuska da gefen mayafi kamar hayaƙi ne ya shige mata ido. Sannan ta ce, "To, madalla. Tuɓe rigag ga kada ta ɓaci." Ta miƙo mini ƙarfen, ita kuma ta koma bayana tana tattara abin da na tuge. Muka yi ta yi har aka kira magariba.